Minti Shida

A ofishinmu na Busan, hawa na goma sha tara,
ba da awa ake ƙirga lokaci ba.
Minti shida-shida ake yanka shi
kamar tsoka a kan katakon mahauci,
kowane yanka da sunan wanda zai biya.

Minti shida: na karanta wasiƙar kamfanin inshora.
Goma sha biyu: na amsa ta.
Wani jirgi ne ya taso da kifi tan ɗari huɗu,
na'urar sanyi ta mutu a tsakiyar teku,
yau wata bakwai manya na ta jayayya
kan wanda ya kamata ya fara jin warin.
Ni ce ƙarama,
ni ke farautar waƙafin da ya ɓata a shafi na tamanin da uku.

Babban lauya Pyo ba mugu ba ne.
Yakan ce, "Seon-ae, dare ya yi, tafi gida,"
sannan ya ajiye fayil kusa da hannuna
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Tara da kwata waya ta motsa.
Tae-gyun ne ya turo hoto:
Da-on na dariya, ga giɓi a gaban baki,
haƙorin da ya yi mako biyu yana lilo
ya faɗa cikin miyar ganyen teku.
Na zuba wa hoton ido har minti shida suka cika.
Na rasa sunan da zan rubuta a gabansu.

Jirgin ƙasa na ƙarshe ya tafi ya bar ni.
Mai tasi bai tambaye ni komai ba, na gode masa a zuci.

Gida shiru.
Tae-gyun ya yi barci a ƙasa, jingine da kujera,
safa ɗaya a hannunsa, kwandon wanki a gefe,
bai sami 'yar'uwarta ba barci ya sace shi.
Shinkafata a rufe, ta yi sanyi.
A kan tebur, cikin murfin kwalba,
ga haƙorin, bai kai ƙwayar masara ba,
ga takarda da jan fensir, haruffa na tangaɗi:
"Kada kowa ya jefa sai Mama ta zo."
Har da sa hannu a ƙasa.
Ta ga yadda nake yi.

Kakata a Tongyeong takan ce
rufin ɗaki ake jefa wa haƙorin yaro,
tsuntsu ya ɗauke, ya kawo sabo.
Mu rufinmu daɓen maƙwabci ne.

Na yi shekara shida ina koyon
yadda ake gano ƙofar fita daga alkawari.
Na juya takardar nan gaba da baya,
babu ƙofa.

Biyar da rabi na tashe ta.
Na naɗe ta cikin rigar sanyina, mai warin ofis,
muka hau har ƙarshen bene,
inda tankunan ruwa suke, da igiyar shanya ta wata tsohuwa.
Iska na cizo. Fitilun tashar jirage ba su mutu ba tukuna.
Ta ɗaga hannu ta wurga shi kan ɗakin injin,
ba mu ji faɗuwarsa ba.

"Mama, wanne ne jirginki?"
Na nuna wani can, ban san ko na wane ne ba.
"Yaushe zai tafi?"
Iska na fita ta giɓin, maganarta na yin fito.

Waya ta motsa a aljihu, sau ɗaya, sau biyu.
Na bar ta.
Ba jarumta ba ce: bakwai da rabi zan kasance a kujerata,
gobe ma wataƙila Tae-gyun ne zai karanta mata labari,
ya yi muryar damisa da ba ta kai tawa ba.

Amma muna nan tsaye, kanta a ƙirjina,
muna jiran tsuntsun da bai yi mana alkawarin zuwa ba,
kuma ban duba agogo ba.